Palm Jumeirah: abin da mai gidan alfarma ya biya wanda ba ya cikin takardarsa

A farkon shekarar 2001, inda tsibirin Palm Jumeirah na Dubai, wanda aka cike teku aka yi shi da siffar bishiyar dabino, yake a yau babu komai sai ruwan Tekun Fasha. A ƙarshen 2023 kuwa, an sayar da gida guda a ƙolin wani dogon bene mai suna Como Residences a kan wannan tsibiri a kan dirhami miliyan 500, wato kimanin dala miliyan 136, alhali benen ma bai tashi ba. Tsakanin waɗannan shekaru farashin gidajen wurin ya hau, ya faɗo da fiye da rabi, ya ɗan farfaɗo, ya sake sulalewa a hankali, sannan ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Bulo da siminti da tayil ɗin gidajen ba su canza ba a duk tsawon lokacin. Abin da ya yi ta canzawa shi ne abin da ke wajen katanga: bakin ruwa, hanya, wuraren shaƙatawa, doka, da kuma wanda ke tsaye a bayan aikin idan rana ta ɓaci. Shi ya sa wannan tsibiri ya cancanci a zauna a yi nazarinsa.

Me ya sa dabino

Dubai ba ta da arzikin mai irin na maƙwabciyarta Abu Dabi. An gano mai a ruwanta a 1966, haƙarsa ta kai ƙololuwa a 1991, daga nan ta fara ja da baya. Masu mulkin masarautar sun san da haka tun da wuri, don haka suka gina tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali a 1979, suka kafa kamfanin jiragen sama na Emirates a 1985, suka buɗe otal ɗin Burj Al Arab a 1999. Manufar ita ce baƙo ya zo, ya kashe kuɗi, in so samu ne ya sayi gida ya zauna. Sai dai baƙon da ke da kuɗi bakin teku yake nema, gaɓar Dubai kuwa ba ta wuce kilomita 70 da 'yan kai ba, kuma tashoshin jiragen ruwa da masana'antu da tsofaffin unguwanni sun riga sun cinye kaso mai yawa.

Siffar dabinon da ake ɗauka hoto daga sama amsar wannan matsala ce. Da an yi tsibirin zagayayye kamar faranti, gidajen gefe kaɗai za su ga ruwa. Da aka yi shi da gangar jiki da rassa 16 masu laƙabin haruffa daga A zuwa P, sai kowane reshe ya zama siririn titi guda a tsakiya da jerin gidaje dama da hagu. Ƙofar gaba tana kallon titi, ta baya kuma mutum yana buɗewa ya taka rairayi, taku kaɗan ƙafarsa ta shiga ruwa. Kowane gida da ke kan reshe ya zama gidan bakin teku. Sheikh Mohammed bin Rashid Al Maktoum, wanda a lokacin yarima ne mai jiran gado kafin ya hau sarauta a 2006, shi ya tsaya wa aikin, aka damƙa shi a hannun Nakheel, kamfanin gine-gine na gwamnati.

An fara aiki a tsakiyar 2001. Kamfanin Van Oord na ƙasar Holan ya yashe yashi fiye da mita kubik miliyan 90 daga ƙarƙashin teku. Duk da hamadar da ke kewaye da birnin, yashinta bai yi ba, domin iska ta goge ƙwayoyinsa sun yi laushi ba sa kama juna. Jiragen yasa kan tsotso yashin, su matso inda na'urar tauraron ɗan'adam ta nuna musu, su feso shi sama ya lanƙwasa ya sauka daidai kan layin zane. Bayan ƙasa ta fito, aka riƙa cusa mata manyan sandunan ƙarfe masu girgiza don ta danne kafin a ɗora mata nauyin gini. A kewaye kuma aka jera duwatsu kimanin tan miliyan 7 da aka fasa daga tsaunukan Hajar, aka yi shinge mai siffar jinjirin wata mai tsawon kilomita 11 don ya tare igiyar ruwa. Shingen ya tare igiya har ya wuce gona da iri: ruwan da ke tsakanin rassan ya daina juyawa yadda ya kamata, dole aka yanka masa ƙofofi biyu don ruwan teku ya riƙa shiga yana fita.

Ba zan wuce wannan ɓangare ban ambaci abu biyu ba, domin ba sa fitowa a takardun talla. Yasar ta dagula ruwan yankin, ta binne ciyayin teku da wuraren kawa, ta kuma canza yadda igiya ke kai yashi gaɓar da ke kusa. Na biyu, hannayen da suka ɗora gidajen na leburori ne 'yan ci-rani, akasarinsu daga Indiya da Pakistan da Bangaladesh, a ƙasar da zafin bazara kan haura digiri 40. Ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2006 kan riƙe albashi da fasfon ma'aikatan gini a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai ke cikinta. A tsakiyar shekarun 2000 ne hukuma ta kafa dokar hana aiki a rana da tsakar rana a watannin zafi.

Ciniki kafin doka

A watan Mayun 2002 Dubai ta sanar cewa baƙi za su iya mallakar gida mallaka ta har abada a wasu keɓaɓɓun yankuna. Gidajen farko na Palm Jumeirah da aka fitar kasuwa an ce sun ƙare cikin kwana uku. 'Yan wasan ƙwallon ƙafa na Ingila da suka yada zango a Dubai kan hanyarsu ta zuwa gasar cin kofin duniya ta 2002, ciki har da David Beckham, na cikin waɗanda jaridu suka ruwaito sun saya, wannan kuma ya yi wa aikin tallar da kuɗi ba sa saye.

Abin lura shi ne sanarwa ce aka yi, dokar da ta tsara rajistar mallakar ba ta fito ba sai a 2006, wato Doka ta 7 ta wannan shekara. Shekara huɗu mutane suna zuba kuɗi a kan alƙawari. Hukumar da ke sa ido kan harkar gidaje, RERA, sai a 2007 aka kafa ta, a shekarar ne kuma aka yi dokar da ta wajabta wa mai gini ya ajiye kuɗin masu saye a asusun amana na wannan aikin kaɗai. Kafin nan, kuɗin da aka karɓa don aiki ɗaya na iya tafiya sayen filin wani aikin. Cinikin biri a sama ya zama ruwan dare a duk birnin: mutum ya ba da kafin alƙalami na kashi 10 cikin ɗari, ya karɓi takarda, kafin lokacin biya na biyu ya sayar wa wani da riba, shi ma ya miƙa wa na gaba. Da yawa cikin masu wannan ciniki ba su taɓa niyyar kwana a gidan ba.

Waɗanda suka yi niyyar zama sun fara karɓar makullai daga ƙarshen 2006, nan ma ƙorafi na farko ya taso. Wasu sun tarar an ƙara yawan gidaje a kan rassan fiye da yadda suka fahimta lokacin ciniki, har maƙwabci yana iya leƙa farfajiyar maƙwabcinsa daga tagar bene. Faɗin filin kowa yana rubuce a takardarsa, amma tazarar da ke tsakaninsa da na kusa da shi, wadda ita ce rabin abin da ake nufi da alfarma, tana hannun mai zane.

Wata uku da suka raba masu saye gida biyu

Otal ɗin Atlantis, wanda kamfanin attajirin Afirka ta Kudu Sol Kerzner ya gina a tsakiyar jinjirin watan da kuɗi kimanin dala biliyan 1.5, ya buɗe a watan Satumban 2008, kwanaki kaɗan bayan rushewar bankin Lehman Brothers a Amurka, wadda ta jefa duniya cikin rikicin kuɗi. A watan Nuwamba aka yi bikin buɗewa da wasan wuta wanda aka ƙiyasta ya ci dala miliyan 20. Kafin hayaƙin ya gama washewa bankuna sun daina ba da bashi, masu juya takardu sun rasa wanda za su miƙa wa, farashin gidaje a Dubai ya kama hanyar faɗuwar da ta wuce rabi.

Ranar 25 ga Nuwamban 2009, Dubai World, uwar kamfanin Nakheel a lokacin, ta nemi masu binta bashi su ɗaga mata ƙafa na wata shida a kan bashin da ya kai kusan dala biliyan 25. Akwai sukuk, wato takardar bashi ta tsarin Musulunci, na Nakheel na dala biliyan 3.5 da wa'adinsa ke cika ranar 14 ga Disamba. A ranar ce Abu Dabi ta miƙo dala biliyan 10. Makonni uku bayan haka aka buɗe bene mafi tsawo a duniya, aka canza masa suna daga Burj Dubai zuwa Burj Khalifa, sunan sarkin Abu Dabi kuma shugaban ƙasa na lokacin.

A nan ne lamarin ya fi ba da darasi ga mai nazari, domin kamfani ɗaya ya sayar da dabino fiye da ɗaya. Akwai Palm Jebel Ali da aka fara a 2002, wanda ya fi na Jumeirah girma, akwai Palm Deira, akwai kuma tsibirai kusan 300 da aka zana kamar taswirar duniya. Wanda ya sayi gida a Jumeirah ya ga darajarsa ta zube, amma yana da gida, da ruwa da wuta, da otal a ƙarshen titi. Wanda ya saya a Jebel Ali yana da takarda da tulin yashi a teku. An cike ƙasar, aikin ya tsaya cak, ya zauna haka sama da shekara goma. An ba wasu zaɓin mayar da kuɗinsu kan wani aikin kamfanin, wasu suka zauna jira. Zane iri ɗaya ne, kamfani ɗaya, alƙawari ɗaya. Bambancin kawai shi ne ɗaya an kai ga gama shi kafin kuɗi su ƙafe.

Rigimar bakin ruwa

A gangar jikin dabinon akwai jerin benaye 20 da ake kira Shoreline, gidaje ne na sama masu wuraren ninƙaya da na motsa jiki da rairayin bakin ruwa a bayansu. Kusan ƙarshen 2011 mazauna suka wayi gari da masu gadi a ƙofar shiga bakin ruwan, ana duba kati. Kamfanin ya ce masu gidaje da yawa ba su biya kuɗin hidima ba, bashi ya taru, kuma wuraren shaƙatawar mallakarsa ne. Masu gidajen suka ce ai da bakin ruwan aka tallata musu gidajen, kuma ba su gamsu da yadda ake lissafa kuɗin ba. Wanda ya fi shan wahala shi ne ɗan haya: ya biya kuɗin hayarsa cif, ga shi tsaye da tawul a kafaɗa da yara a hannu, mai gadi yana gaya masa mai gidansa da ke wata ƙasa bai biya ba. Maganar ta kai gaban RERA, ta kuma daɗe tana jan ƙafa a jaridu.

A ganina wannan ƙaramar rigima ta fi rikicin bashin biliyoyi bayyana yadda gidan alfarma yake. Kowane ɓangare yana da hujja. Rairayin da ɗan'adam ya zuba ba ya zama da kansa. Sai an share, an ƙara yashi inda ruwa ya ci, an duba duwatsun shinge, an biya masu ceto da masu gadi. In masu gidaje ba su biya ba, wani ne zai biya. A ɗaya gefen kuma, mutumin da ya biya ninkin kuɗin irin wannan gida a cikin gari ya yi haka ne saboda ruwan, sai ga shi takardarsa ta tsaya a bakin ƙofar falonsa. Abin da ya sa gidan tsada yana ƙarƙashin ikon wani. Sai a 2019 Dubai ta fitar da Doka ta 6 kan kadarorin da ake tarayya a kansu, aka kuma kawo tsarin Mollak, inda kuɗin hidima ke bi ta asusun da hukuma ke gani, kuma sai ta amince da kasafin kafin a aika wa mai gida takardar biya.

Kuɗin hidima ba shi kaɗai ne nauyin ba. Gaskiya ne Dubai ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga ɗaiɗaikun mutane, abin da dillalai ke fara faɗa ke nan. Amma mai saye zai biya kashi 4 cikin ɗari na farashi a hukumar filaye, adadin da aka ninka daga kashi 2 a 2013 don a rage juya takardu, ga la'adar dillali da yawanci kashi 2 ce. Benaye da yawa a tsibirin suna samun sanyi ne daga tashar da ke turo ruwan sanyi ta bututu, kuma akwai kason kuɗin da ake biya ko an kunna na'ura ko gidan yana kulle. Iskar teku mai gishiri kuma tana cin ƙarfe da fenti da na'urorin sanyaya ɗaki fiye da yadda take yi a cikin gari.

Abin da ya dawo da kasuwa

Shekarun da suka biyo bayan rikicin, aikin da aka yi a tsibirin mafi yawansa na wuraren zuwa ne. Jirgin ƙasa mai tafiya kan dogo ɗaya ya fara aiki tun 2009, daga gindin dabinon zuwa Atlantis. Aka yi lambun Al Ittihad mai hanyar gudu a tsakiyar gangar jikin, aka shimfiɗa hanyar tafiya a ƙafa a bayan jinjirin watan, aka buɗe rukunin gidajen abinci na The Pointe a 2018, babban kanti na Nakheel Mall a 2019, bakin ruwan West Beach a 2020, sai wurin hangen tsibirin daga hawa na 52 a 2021. Atlantis da kansa yana jan dubban mutanen da ba su kwana a cikinsa ba, saboda filin wasan ruwa na Aquaventure da tafkin gilashi mai lita miliyan 11 inda kifaye ke yawo a gaban masu kallo. Otal-otal suka cika jinjirin watan, na baya-bayan nan da ya fi yin suna shi ne Atlantis The Royal da aka buɗe a farkon 2023.

Waɗannan ne suka mayar da wurin daga unguwar masu kuɗi da ke nesa da komai zuwa inda mutum zai yi mako bai haye gada ba. Da annobar korona ta zo, Dubai ta sake buɗe ƙofa ga baƙi tun watan Yulin 2020, ta kuma bar ta a buɗe lokacin da manyan biranen Turai suka koma kulle a ƙarshen shekarar. Attajirin da ya gaji da zaman ɗaki a Landan ya ga gida mai rairayinsa na kansa. Izinin zama na shekara 10 da aka fara a 2019, wanda daga 2022 mai kadarar dirhami miliyan 2 ke iya samu, ya ba shi dalilin zama. Yaƙin Rasha da Yukren a 2022 ya turo wasu masu kuɗin. Dirhami kuma a ɗaure yake da dala a kan 3.67, don haka mai gudun faɗuwar kuɗin ƙasarsu yana ganin kamar dala ya ajiye. A 2022 an ruwaito iyalan attajirin Indiya Mukesh Ambani sun sayi gida a tsibirin a kan dala miliyan 80, bayan 'yan watanni suka ƙara wani a kan miliyan 163. Kamfanin dillancin gidaje na Knight Frank ya ƙirga gidaje sama da 400 da aka sayar a Dubai a 2023 kowanne a kan dala miliyan 10 ko fiye, adadin da ya zarce na Landan da New York, kuma Palm Jumeirah ce ta ɗauki kaso mafi girma.

Ba duk kuɗin da suka shigo ne aka san asalinsu ba, wannan ma gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Hukumar FATF mai yaƙi da halasta kuɗin haram ta saka Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a jerin waɗanda ake sa wa ido a watan Maris na 2022, ta cire ta a Fabrairun 2024 bayan gyare-gyare.

Wani abu ya taimaka wa farashin wanda babu hannun kowa a ciki yanzu: rassan 16 ne, ba za su ƙaru ba. Shi ya sa ake ganin mutum ya sayi gidan da bai cika shekara 20 ba, lafiyarsa ƙalau, ya sa a rushe shi har ƙasa ya gina sabo. Filin da bakin ruwan ya saya.

Nasarar wuraren shaƙatawar ta zo da nata nauyi ga mazauna. Hanyar mota ɗaya ce ke shiga tsibirin ta gindinsa, ta bi gangar jiki, ta nutse cikin rami mai layi shida a ƙarƙashin teku zuwa jinjirin watan. Mai gida a reshe, da ɗan yawon buɗe ido, da motar kai kaya otal, da mai zuwa cin abincin dare, duk a wannan hanya suke haɗuwa, kuma da yammacin ranakun hutu a lokacin sanyi cunkoson ba ƙarami ba ne. Jirgin dogo ɗayan bai rage shi sosai ba, domin bai haɗe kai tsaye da babban jirgin ƙasa na birnin ba, sai an sauka an canza. Masu rassan suna da shinge da masu gadi a bakin kowane reshe, amma shingen ba ya hana su zama a layin motoci.

Sannan ga The Pointe. A watan Oktoban 2020 maɓuɓɓugar ruwan da aka kafa a gabansa ta shiga kundin Guinness a matsayin mafi girma a duniya. Iyalai kan zo da yamma su zauna a gidajen abinci, ruwa yana tashi sama da fitilu masu launi, Atlantis yana haskawa a tsallake, kuma kallon ba ya buƙatar tikiti. Yana cikin 'yan wuraren da mai matsakaicin ƙarfi zai ji shi ma tsibirin nasa ne. A 2023 aka kashe maɓuɓɓugar, aka ba masu gidajen abinci wa'adin tashi don a sake gina wurin. Shekara biyar kacal ya yi. Duk wanda ya sayi gida kusa da shi yana lissafin zai riƙa taka ƙafa zuwa can, babu layi ɗaya a takardarsa da zai kai ƙara da shi. Ni dai ina ganin rashi ne ga tsibirin, ko da abin da za a gina a gurbin zai fi kawo kuɗi.

A tsakiyar 2023 Sheikh Mohammed ya amince da sabon zane na Palm Jebel Ali, aka sake fitar da gidajensa kasuwa bayan 'yan watanni, masu saye suka yi layi tun ba a ɗora bulo ba. A watan Maris na 2024 aka shigar da Nakheel ƙarƙashin Dubai Holding, babban kamfanin zuba jari na masarautar. Masu sayen wannan karon suna da abin da na 2002 ba su da shi: asusun amana, rajistar cinikin gidan da ba a gina ba, da hukumar da za a kai wa kuka. Waɗannan dokoki suna kare kuɗin da aka biya da gidan da aka yi alƙawari. Otal-otal da wuraren wasa da hanyoyin da aka zana a kewayen gidajen kuwa, lokacin gina su da tsawon zamansu yana hannun mai aikin.